Ƙwaurin Malam: Nazarin Komawa Gudu Bayan Fanfalakin Legas

Ranar Asabar 15 ga Fabrairun 2025 wani malamin lissafi daga unguwar Arkilla a Sakkwato ya kammala gudun fanfalaki na birnin Legas cikin awa 4 da minti 21. Shekarunsa 36, nauyinsa kilo 68, kuma karonsa na farko ke nan a kilomita 42 da mita 195. Ni nake tsara masa atisaye tun shekara biyu da suka wuce. Ba wata takardar koci gare ni ba, na dai riga shi shiga harkar, kuma a hannuna littafin 'yan gudun asubarmu yake, wanda kowa ke rubuta nisan da ya yi da yadda ya tashi da jikinsa. Yaya yake ce mini, ni kuma Malam nake ce masa, don haka a nan ma Malam ɗin zan kira shi. Da yardarsa na ɗebo abin da ke cikin littafin, domin wata tara da suka biyo bayan tseren sun fi tseren kansa abin dubawa.

Yadda aka yi 4:21

Malam mai sauri ne a gajeren zango. Kafin Legas ya taɓa yin kilomita 10 cikin minti 48. Shirin tseren ya faɗo masa daga Nuwamba zuwa Fabrairu, tsakiyar hunturu ke nan, lokacin da mai gudu a Sakkwato ke jin kansa kamar doki: asuba da sanyi, iska busasshiya, gumi na fitowa yana bushewa. Makon da ya fi yawa ya yi kilomita 55, gudunsa mafi tsawo kuma 28, a kan hanyar mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ta gadar Kwalkwalawa.

Legas ba haka take ba. Iskarta jiƙe take da raɓar teku, gumi ya fito ba ya bushewa, kuma gumin da bai bushe ba ba ya sanyaya jiki. Aka tashi daga babban filin wasa na Surulere da sassafe, jama'a na ihu, Malam ya bi ayari. Ya haye doguwar gadar nan ta Third Mainland yana jin daɗin kansa, ya cinye rabin farko cikin awa 1 da minti 52. Bayan kilomita 30 dambubunsa biyu suka ɗaure. Daga nan sai ɗan gudu, ɗan tafiya, har Eko Atlantic, inda tseren ya ƙare. Rabi na biyu ya ci masa awa 2 da minti 29.

Washegari ya shiga doguwar mota zuwa gida, tafiyar sama da kilomita 1,000 gwiwa a lanƙwashe. Ya sauko ƙafa a kumbure. Kwana uku a zaune yake sallah, don idan ya yi sujada ba ya iya miƙewa sai ya dafa bango. A makaranta da baya-da-baya yake saukowa daga bene, ɗalibai suna ƙunshe dariya. A ɗakin malamai kuwa ba a ƙunshe ba. Wani abokin aikinsa ya ce masa mutanen Kenya sun gama, sun yi wanka, sun ci abinci, sun yi barci, shi yana can yana neman hanya. Wasa ne, amma ya shige shi. Da wannan haushin ya zo wurina, kuma daga baya na gane haushin ne ya riƙa rubuta jadawali, ba ni ba.

Abin da na ce, da abin da ya yi

Na ce masa mako biyu babu gudu, sai tafiyar ƙafa ta minti 20 zuwa 30, da abinci, da barci. Mako na uku a soma sassarfa. Ya ce to.

Ranar Alhamis, kwana biyar da tseren, tsamin jiki ya sake shi. Ranar Juma'a ya yi kilomita 12. Lahadi ya yi 15. Laraba 26 ga wata ya shiga filin wasa na Giginya ya yi zagayen mita 400 sau goma da iya ƙarfinsa. Duk ya rubuta su a littafi da hannunsa, don Malam ba ya ƙarya, gardama kawai gare shi. Da na tare shi sai ya ce, "Yaya, ƙahwa ta sake, ba ni jin komi. Mi za ni zauna yi? In na zauna duk wahalar da munka sha cikin ɗari ta tahi banza."

Wannan maganar tasa ita ce gindin lamarin, kuma kusan duk wanda ya gama fanfalaki ya taɓa faɗinta. Jiki bayan kilomita 42 ba lokaci guda yake warkewa ba. Makamashin da tsoka ke ajiyewa yana dawowa cikin kwana biyu zuwa uku idan ana cin tuwo da shinkafa da fura yadda ya kamata. Tsamin jiki yana kai maƙura tsakanin kwana ɗaya zuwa uku, ya watse kafin mako. To a nan mutum ke ruɗuwa. Zaren tsokar da ya yayyage yana ci gaba da ɗinkuwa makonni bayan ciwon ya tafi. Agara da ƙashi kuwa sun fi kowa nawa. Ƙashi idan ya sha duka, jiki yakan fara kankare wurin da ya gaji kafin ya cike shi da sabo, kamar magini da ke farfasa tsohon yaɓe kafin ya yi sabo. A tsakanin kankarewa da cikewa bangon ya fi rauni, kuma babu wata alama da yake bayarwa. Malam ya taka ƙasa sama da sau 40,000 a Legas, kowane taku da nauyin da ya ninka jikinsa biyu zuwa uku. Numfashinsa ya dawo cikin mako guda, ya ɗauka kowa ya dawo.

Akwai wata tsohuwar ƙa'ida da ake jingina wa Jack Foster, ɗan ƙasar New Zealand da ya yi fanfalaki cikin awa 2 da minti 11 yana da shekara 41 a 1974. Ita ce: kowane mil guda da ka yi a tsere, ka ba shi kwana guda na sauƙi. Fanfalaki mil 26 ne, kwana 26 ke nan babu gudun ƙure kai. Ba wahayi ba ce, kuma ba ta ce a kwanta ba. Amma da Malam ya bi ko rabinta, da zagayen Giginya bai faɗo a kwana na 11 ba.

Tsoron da yake yi na asarar ƙarfi kuma ba shi da tushe sosai. Hutun kwana goma zuwa mako biyu kaɗan yake ragewa mai gudu, abin da ya ragu kuma yana dawowa da wuri.

Azumi ya shigo

Mai Alfarma Sarkin Musulmi ya sanar da ganin wata, aka tashi da azumi ranar Asabar 1 ga Maris, mako biyu cif bayan tseren. Hunturu ya riga ya naɗe tabarmarsa, bazara ta kunno kai. Wanda ya san Maris a Sakkwato ya san zafin da ake magana, yana kusantar digiri 40, a Afrilu ma ya haura.

Malam ya mayar da gudunsa ƙarfe biyar da rabi na yamma, wai ya gama daidai shan ruwa. Dabarar ba ta da laifi ga mai sassarfar minti 20. Shi kilomita 10 yake yi, a jikin da ya wuni awa goma sha biyu babu ɗigon ruwa. Wata rana na sa shi ya hau sikeli kafin ya fita da bayan ya dawo. Kilo biyu ya bari a hanya, kusan lita biyu ta ruwa ke nan. Barci ma ya tsinke: asham, ɗan zama da iyali, sahur, asuba, ƙarfe takwas yana gaban allo. Awa biyar idan an yi sa'a.

Littafin ya nuna abin tun kafin ƙafa ta yi magana. Muna da al'adar ƙirga bugun zuciya na minti guda da farkawa, kafin a sauko daga gado. Nasa 54 ne tun da na san shi. A makon farko na azumi ya koma 59, ya koma 61, ya tsaya a 63. Na gani, na ce ƙishirwa ce.

Ranar huɗu ga azumi ya rubuta a gefen shafi: "ƙwaurin dama na ɗan ja." Bai gaya mini ya je kemis ya sayo diclofenac yana haɗiya da sahur ba. Wannan ya fi gudun tayar mini da hankali da na ji, saboda irin waɗannan magungunan kashe ciwo, idan suka haɗu da jikin da ruwa ya ƙare masa da zafin rana, ƙoda suke wahalarwa. Ga shi kuma sun toshe bakin ƙwaurin da ke ƙoƙarin yin gargaɗi.

A nan nawa kuskuren ya shigo, kuma shi ya fi nasa girma, don shi haushi ke jansa, ni kuwa ba ni da uzuri. Na ce ya bar gudun yamma ya koma bayan asham, lokacin da ya sha ruwa ya ci abinci. Wannan daidai ne. Sai ya roƙi in bar shi ya yi kilomita 16 daren Asabar 8 ga Maris, na yarda. Ban durƙusa na danna ƙwaurin da yatsana ba, abin da ba zai ɗauke ni minti guda ba. Ya yi su a kan kwaltar baifas, da kambas ɗin gwanjon da ya yi duk atisayen hunturu da tseren Legas da shi, wanda dunduniyarsa ta riga ta cinye ta gefe guda. Da asuba ya tafi masallaci yana ɗingishi.

Hannun mai gashin ƙashi

Innarsa ce ta fara ganin ɗingishin. Ta dube shi ta ce, "Kai ɗan nan, wai mi ka korar ka? Mutum da girmanai, da azumi a baki." Ta ce a kira mai ɗori. Masu ɗorinmu sun san karaya da targaɗe, ba na raina su, amma wannan ba abin ja ko ɗaurewa ba ne. Muka lallashe ta, na ɗauke shi a babur zuwa wani asibiti a cikin gari, sashen gashin ƙashi.

Abin da jami'in ya yi ya cancanci a bayyana shi, don ko a gida ana iya fara shi. Ya zaunar da Malam, ya bi gefen ƙashin ƙwauri ta ciki da babban yatsa, daga sama da idon sawu yana hawa a hankali, yana tambaya, "Nan fa, Malam? Nan fa?" Ciwon bai taru wuri guda ba, ya bazu kusan tsawon tafin hannu. Sannan ya ce ya tsaya da ƙafar dama kaɗai ya yi tsalle sau goma. Ya yi, yana yamutsa fuska, amma bai ji sukar da za ta tsayar da shi ba. Ya bayyana mana bambancin: ciwon da ya bazu a gefen ƙashi yawanci gajiyar ƙashin ce da naman da ke manne da shi. Wanda kuwa za ka rufe da kan yatsa guda, yana hana tsalle, yana damun mutum ko yana kwance, shi ake tsoron tsagewar ƙashi ce. An ɗauki hoton ƙashi bai nuna komai ba, amma ya ja mana kunne kada mu yi murna da wannan, domin ƙaramar tsaga ba ta cika fitowa a hoton ba a mako biyu zuwa uku na farko.

Hukuncinsa: a ajiye gudu gaba ɗaya, a jefar da ƙwayar, a dawo bayan mako uku, ko kafin nan idan ciwon ya taru wuri guda. Malam ya tambaye shi ko zai iya ɗan yin kilomita biyar. Mutumin ya dube ni, bai ma ba shi amsa ba.

Hutun mako biyu ya ƙi, sai ga shi ya yi na mako huɗu, daga 9 ga Maris har bayan ƙaramar Sallah, wadda aka yi ranar 30 ga wata.

Komawa

Wannan karon ban ba shi rana ba, don na lura idan ka ba Malam rana, ranar yake kallo ba ƙafarsa ba. Sharuɗɗa na ba shi. Ya yi tafiyar sauri ta minti 30 babu ciwo, a lokacin da kuma washegari. Ya yi tsalle goma da ƙafa ɗaya bai ji komai ba. Bugun zuciyarsa ya sauko 56 ko ƙasa, safiya uku a jere. Kafin su cika, ya ari keken ƙanensa yana zagayawa bayan asuba, yana kuma tsayawa a bakin dakalin ƙofar gida da yatsun ƙafa, ya ɗaga dunduniya ya sauke a hankali, sau 15 zubi uku, don ƙarfafa dambubu.

Sharuɗɗan suka cika ranar 7 ga Afrilu. Muka fara da abin da ya kira wulaƙanci: sassarfa minti ɗaya, tafiya minti biyu, sau goma, rana ɗaya a yi, rana ɗaya a huta, a kan ƙasa ba kwalta ba, kuma a gama kafin rana ta ɗaga. Dokar ciwo ita ce, idan aka auna shi daga ɗaya zuwa goma kada ya wuce uku, kuma ya zama ya tafi kafin wayewar gari. Idan ya kwana, a koma matakin baya. Sau ɗaya ya kwana, muka koma.

Makonni suka tafi haka: kilomita 8, 12, 15, aka sauko 12, sannan 18, 22. Duk mako na huɗu ragewa muke yi. Don in hana shi sauri, nakan bi gefensa in ce ya ba ni labarin ajinsa. Da zarar haki ya fara tsinka masa magana, mun yi sauri ke nan. Na san sunayen marasa jin ajin nan kaf a wannan bazarar. Farkon Mayu ya yi kilomita biyar ba tsayawa cikin minti 33, mutumin da ke yin su cikin 23. Ya zauna a bakin hanya ya yi shiru. Na tuna masa rabin wannan nawar zafi ne ya kawo ta, don zuciya tana raba jini biyu, wani ga tsoka wani ga fata don sanyaya jiki. Zuwa babbar Sallah, 6 ga Yuni, yana yin kilomita 30 a mako, ƙwauri shiru. Kuɗin sabon kambas kuwa daga adashen malamai ya fito, bayan doguwar tattaunawa da uwargida wadda ba ta shiga littafi ba.

Gardamar buri

Tun yana ɗingishi yake da jerin abin da yake so. Zai je tseren kilomita 10 na Okpekpe a jihar Edo, wanda aka saba yi a watan Mayu. Zai nemi wani fanfalakin kafin ƙarshen shekara. Sannan ya koma Legas ya yi awa 3 da rabi. Na farko ya rushe da kansa, don hanyar Okpekpe hawa da gangara ce, gangara kuwa ita ce maƙiyiyar ƙwauri. Na biyu na kashe shi da misalin Eliud Kipchoge, gwarzon fanfalaki ɗan Kenya, wanda gudu ne sana'arsa, yana da masu tausa da likitoci, amma a tsawon shekarun tashensa bai saba wuce fanfalaki biyu a shekara ba. Na ukun ne ya ƙi mutuwa, har sai da na bi ta hanyar da yake ganewa.

Wani injiniya Ba'amurke, Peter Riegel, ya fitar da wani lissafi a 1977 na hasashen lokacin tsere mai nisa daga na gajere. Ka raba sabon nisa da tsohon, ka ɗaga amsar zuwa ƙarfin 1.06, ka ninka da tsohon lokacinka. Daga kilomita 10 zuwa fanfalaki abin yana zuwa ninki 4.6. Muna zaune ƙarƙashin dogonyaro bayan atisaye na ba shi biro da bayan wata takardar jarrabawa. Ya ninka 48 da 4.6, ya samu minti 221, awa 3 da minti 41. Na ce ya juya lissafin ya ga me awa 3 da rabi ke buƙata. Ya raba 210 da 4.6, ya ga sai ya iya kilomita 10 cikin minti 45 da daƙiƙa 39. Bai taɓa kusantar wannan ba. Kuma lissafin Riegel sananne ne da yi wa masu ƙarancin atisaye alkawarin da ba ya cikawa a fanfalaki, don yana ɗauka mutum ya tara nisan da ya dace.

Ya daɗe yana kallon takardar. Sai shi da kansa ya zana layi tsakanin 3:41 da 4:21 ya rubuta 40. Ya ce, "Ashe ba sauri na rasa ba." Awo. Saurin da ke ƙafarsa ya isa ya kai shi ƙasa da awa huɗu tun a Fabrairu. Minti arba'in ɗin nan sun ɓace ne a wurare huɗu: nisan mako bai kai ba, gudu mafi tsawo ya tsaya a 28, ya ƙone kansa a rabin farko, kuma bai san iskar Legas ba, bai ci komai a hanya ba sai ruwa. Zagayen mita 400 da ya je yi a Giginya da haushi, wanda ya taimaka wajen ɓata masa ƙwauri, maganin wata cuta ce daban da ba ita ke damunsa ba. A ganina wannan ne babban abin da lamarin Malam ya nuna, ya fi batun hutun ma. Mutum ya dawo daga tsere da kunya, sai ya nufi atisayen da ya fi zafi, don zafin yana kama da biyan bashi.

Daga nan muka shimfiɗa shekarar a kan yanayin garinmu maimakon kalandar da ake kwafowa daga intanet, wadda aka rubuta don ƙasashen da Afrilunsu sanyi ne. Bazara ta tafi a jinya. Damina, daga Yuni zuwa Satumba, ta tara nisa ce a hankali, kuma ita kaɗai ce lokacin da iskar Sakkwato ke ɗan kama da ta Legas, don haka muka riƙa sa dogon gudu a safiyar da aka kwana ana ruwa, ya saba da rigar da ke manne wa jiki. Ƙarshen damina gwajin kilomita 10, farkon Nuwamba gwajin rabin fanfalaki. Hunturu kuma shirin Legas.

A watan Agusta zazzaɓin cizon sauro ya kayar da shi kwana goma. Na zuba ido in ga abin da zai yi. Ya gama magani, ya jira bugun zuciya ya sauko, ya dawo da rabin nisan da ya bari, bai nemi rama makon da ya wuce ba. Ban ce masa komai ba, na dai sa alama a littafi.

Satumba ya yi kilomita 10 cikin 47:10. Ranar Lahadin farko ta Nuwamba muka auna kilomita 21 da mita 100 da agogo biyu, ɗaya daga cikin yaranmu yana binsa a babur da ruwa da dabino. Ya gama cikin awa 1, minti 48 da daƙiƙa 40. Lokacin bai burge ni kamar yadda aka raba shi ba: goman farko da goma na biyu tazararsu ba ta kai rabin minti ba.

Burin da aka rubuta

Hawa uku muka yi masa. Na sama, ƙasa da awa huɗu, wato minti 5 da daƙiƙa 41 kowace kilomita. Idan ranar ta zo da zafi ko ciki ya ƙi, ƙasa da 4:10. Idan komai ya lalace, ya wuce kilomita 30 bai koma tafiya ba, ya dawo gida yana iya sujada. Ƙarƙashinsu muka rubuta abin da ke hannunsa, tunda iskar ranar ba a hannunsa take ba: nisan mako ya hau zuwa kilomita 60 a hankali, dogon gudu na 30 zuwa 32 sau uku, dabino biyu duk minti 40 tun a atisaye don ciki ya saba, ɗaga dunduniya a dakali sau biyu a mako har abada, kuma ranar da hazo ya rufe gari har ba a hango ƙarshen layi, a bar gudun ƙarfi.

Batun raɓar Legas shi ne inda shirin ya fi rauni. Jiki yana sabawa da zafi cikin kwana 10 zuwa 14, amma sabon yana gushewa idan an bar shi, don haka abin da damina ta koya masa ba zai kai Fabrairu ba. Abin da muka tsara shi ne, a mako biyun ƙarshe ya mayar da wasu sassarfarsa tsakar rana da riga biyu. Busasshen zafi ba jiƙaƙƙe ba ne, amma ya fi a fito daga sanyin asubar hunturu kai tsaye a faɗa bakin teku kamar karon farko.

Sai azumi. Duk shekara yana matsowa da kusan kwana 11, don haka muka lissafa na 2026 zai kama ne jim kaɗan bayan tsakiyar Fabrairu, dab da lokacin da aka saba yin tseren. Mun yi magana a kai tun a Nuwamban 2025, ba sai ranar tafiya ba. Idan tseren ya faɗo cikin azumi, ba zai je ba. Idan ya riga shi da 'yan kwanaki, to jinyar gaba ɗaya a cikin azumi za ta kasance, kuma ya sa hannu a littafi, a gaban mutum uku, cewa babu gudu mako biyu, sauran watan kuma sassarfa ce bayan asham, ba ta wuce minti 30 ba. Zai kuma ƙara kwana ɗaya a Legas kafin ya hau mota, idan aljihu ya yarda.

Gardama ba ta ƙare ba. Da ya gama rabin fanfalakin nan, ko numfashi bai gama mayarwa ba ya karɓi biro ya ninka 1:48:40 da lissafin Riegel, ya samu 3:47, ya miƙo mini. Na ce na gani, amma rabin farko a Legas kada ya riga awa 1 da minti 58, ko da kowa na wuce shi a kan gada.

"In ƙahwa ta so hwa, Yaya?"

Na ce ya ajiye mata son nata har kilomita 32, in yana nan sai ya ba ta. Ya rubuta 3:59 a saman shafin Nuwamba, ya rubuta 3:47 ƙanana a kusurwa da fensir. Kafin ya tashi na sa shi ya miƙe ƙafar dama a kan benci, na bi gefen ƙwaurin da babban yatsa tun daga idon sawu har gwiwa. Bai motsa ba. Lahadi mai zuwa kilomita 24 ne, ta hanyar Kwalkwalawa, za mu tashi da an sallame asuba.